Zauren Malamin Asibiti: Ashe Turawan Ailan Ma Suna Da Maganin Gado?

Makonni uku da suka wuce, garin amsa wa wata baiwar Allah tambaya a kan hazbiya, bakina ya suɓuce na ce ai ko a ƙasar Ailan tsofaffi ƙaya suke nuna wa hazbiya su jira ta warke. Magana ɗaya tak, amma saƙonnin da ta jawo sun ninka waɗanda na samu a kan hawan jini, wanda na ɓata shafi biyu ina bayaninsa. Jikana ne ke karanta mani saƙonnin waya yanzu, don idanun sun daina shiri da ƙananan rubutu. Ya ware mani guda biyar, na taƙaita wasu, ga su.

Baba, barka da hutawa. Ɗana ma'aikacin jinya ne a wani asibiti a Ailan. Ya ce mani wata abokiyar aikinsa, Baturiya 'yar ƙasa, wasu ƙuraje masu zafi suka feso mata a haƙarƙari. Ta sha maganin likita, amma kuma ta tuƙa mota ta tafi ƙauye wurin wani tsoho mai maganin gado. Na ce masa wasa yake yi. Wai da gaske Turawa suna da irin wannan? Wata Hajiya daga Ringim.

Hajiya, ɗanki bai yi miki ƙarya ba. Abin da ya sa muke mamaki shi ne Baturen da iyayenmu suka fara gani ya zo ne da farar riga da sirinji, sai muka ɗauka da allura a hannu ake haihuwarsu. Ba mu taɓa ganin kakarsa ta ƙauye ba.

Ailan tsibiri ne a yamma da Ingila, ƙasar ruwan sama da ciyawa. Mutanen Jamhuriyar Ailan, wadda ta ci mafi yawan tsibirin, gaba ɗaya sun ɗan haura miliyan 5 a ƙidayar 2022, ba su kai Jihar Kano ba. Shekara ɗari baya, da yawansu ƙananan manoma ne masu ɗakin jinka, saniya ɗaya ko biyu, jaki, da gonar dankali. Yunwar da ta afka musu daga 1845 zuwa 1852 ta kashe wajen mutum miliyan ɗaya. Sai a 1946 aka fara aikin kai wutar lantarki ƙauyukansu. To mutumin da likita ya yi masa nisa, aljihu kuma babu nauyi, in ɗansa ya kwana yana kuka, abin da mutumin Taura ko Garki zai yi shi zai yi: ya tashi ya ƙwanƙwasa ƙofar wanda aka ce yana da magani.

Yadda suke faɗar abin ma kamar da Hausa. Ba sa kiran mutumin boka, cewa suke wane "yana da maganin". Mutum ɗaya, cuta ɗaya. Wannan na ƙuna, wancan na tsayar da jini, wancan na targaɗe, kuma duk ranar Allah yana gonarsa ko shagonsa kamar kowa. Haka mu ma muke cewa in ƙayar kifi ta maƙale a nemi Basarke, in wuta ta ci yaro a nufi gidan maƙera, in ƙashi ya karye a kira maɗori. Wani abin da ya burge ni: a ƙa'idarsu mai maganin ba ya karɓar kuɗi, sun ce in ya karɓa maganin ya lalace. Wasu ko godiya ba sa so a yi musu. Sai dai a ajiye ƙwai ko ɗan abin sha a tafi. Masu lasifika a kan mota ranar kasuwar Maigatari su ji da kyau.

Ƙurajen da suka kama abokiyar aikin ɗanki na san su. Suna fitowa a jere, gefe ɗaya na jiki, da zugi kamar an ɗora garwashi. Ƙwayar cutar ƙarambau ce da mutum ya yi yana yaro take kwanciya a jijiya, sai ta farka bayan shekaru. A al'adar Ailan, jinin mutumin da sunan zuriyarsu Keogh shi ne maganinta: ya huda yatsa a shafa a kewayen wurin. Wannan kam kada kowa ya gwada, da jinin kowa, don ta nan ciwon hanta da ƙanjamau suke samun ƙofa. Yarinyar ta yi wayo da ta fara da likita, saboda ƙwayar da ake bayarwa ta fi aiki in an soma ta cikin kwana uku da fitowar ƙurajen. Su kuma ƙurajen kan bushe cikin mako biyu zuwa huɗu, ko an je ƙauye ko ba a je ba.

Za ki ce ni da ban taɓa wuce filin jirgin Kano ba, ina na san duk wannan? Yara ne suka gaya mani, yaran da yanzu yawancinsu sun rasu. A 1935 gwamnatin Ailan ta kafa hukumar tattara al'adun gargajiya, ƙarƙashin wani malami, Séamus Ó Duilearga. Daga 1937 zuwa farkon 1939 suka yi wata dabara: aka ce wa 'yan manyan azuzuwan firamare kowa ya koma gida ya zauna gaban kakansa ko tsohuwar maƙwabciya, ya tambaye su tatsuniyoyi, karin magana, wasanni, sana'o'i, da magungunan garinsu, ya rubuta a littafin makaranta. Yara sama da 50,000 daga makarantu wajen 5,000 suka yi aikin. Abin da suka tara ya kai shafi kusan 740,000, wani da Turanci wani da harshensu na gado. Yana nan ajiye a jami'ar UCD da ke Dablin, babban birninsu, an kuma ɗora hotunan shafukan a intanet, a wani wuri mai suna Dúchas. Jikana ya buɗe mani, ya ƙara girman rubutun, muka raba dare muna karanta hannun yara 'yan shekara sha biyu, sha uku. A shafuka da yawa yaron zai sa sunan tsohon da ya gaya masa, da shekarunsa, da unguwarsu. Na yi shekara talatin da biyar ina cika rajistar marasa lafiya, na san darajar wanda ya rubuta wa ya faɗa, a ina, yaushe.

Baba, ni ne namiji na bakwai a gidanmu. Abokaina sun ce a Ailan da tuni na zama babban mai magani. In buɗe shago? Wani ɗalibi daga Dawakin Tofa.

Ɗana, tsaya tukuna kafin ka kama hayar shago. Sharaɗin nasu da tsauri: maza bakwai a jere babu mace a tsakani, wanda aka fi ji da shi kuma sai mahaifinsa ma ya zama na bakwai a nasu gidan. Kuma su mace ɗaya suke aure. Kai da ka fito daga gida mai ɗaki uku, ta wane ɗaki za mu fara ƙirga? Akwai kuma gwaji. Ana haihuwar yaron sai a ɗora masa tana a tafin hannu, wai in ta mutu to yana da baiwar. Cutar da aka fi kai musu ita ce makero.

Ba su kaɗai ba ne haihuwa ke ba wa magani. Yaron da mahaifinsa ya rasu ya bar shi a ciki, sun ce in ya hura iska a bakin jaririn da farin ƙurji ya lulluɓe wa harshe, zai warke. Matar da ta auri mai sunan zuriya irin nata, burodin hannunta maganin tari ne. Wanda ya lashi wata 'yar halitta mai kama da tsaka da ke zama a dausayi, harshensa ya zama maganin ƙuna har ya mutu. Kada ka yi dariya da ƙarfi, mu ma nan in kunama ta harbi mutum ana cewa a nemo 'yan biyu.

Amma ga abin da na lura da shi da na jera cututtukan a takarda. Hazbiya, wadda ake tsinko ƙaya tara daga wata bishiya a nuna wa idon ɗaya bayan ɗaya, ko a goga zoben aure na zinariya. Hangum, wanda ake sa wa yaro ragamar jaki a ja shi a zagaya garken alade ko a kai shi bakin ruwa. Targaɗe. Shaƙuwa. Sai uwa uba tusar jaki, ɗan tsiron nan mai kaushi da ke fito wa yara a bayan hannu, wanda magungunansa a littattafan yaran ba sa ƙirguwa: a goga dodon koɗi a kai sannan a soke shi a jikin ƙaya, yana bushewa tsiron na bushewa, a yanka dankali a goga a binne, a shafa yawun safe kafin a ci komai, a wanke da ruwan da aka tarar kwance a ramin dutse ba tare da an fita nemansa ba, ko a ƙirga tsakuwa daidai yawan tsiron, a ƙulle a ƙunshi a yar a mararraba, wanda ya ɗauka ya kwashe cutar. Wannan na ƙarshe ko a Hausa ba baƙo ba ne, shi ya sa iyayenmu suke hana mu tsintar ƙulli a mararraba.

Duk waɗannan baƙi ne masu tafiya da ƙafarsu. Hazbiya kan fashe cikin mako ɗaya ko biyu, tsumma mai ɗumi kawai take so. Hangum kan saɓe cikin kwana goma zuwa mako biyu. Tusar jaki a jikin yara, kusan biyu cikin uku kan ɓace da kansu cikin shekara biyu. Uwa ba ta zuwa wurin mai magani ranar farko, sai abin ya kai maƙura, daga maƙura kuwa sauƙi ne ke biyowa. Faɗuwa ta zo daidai da zama, wanda ya taɓa yaron a ƙarshe shi ke kwashe yabo. Ni kaina na ci irin wannan yabon ba sau ɗaya ba. Na ba da farasitamol da ruwan gishiri da sukari, mura ta gama kwanakinta, aka kawo mani zabuwa har gida. Ban mayar ba.

Makeron ka kuwa, in a kai yake yana cinye gashi, shafe-shafe ba ya kai wa saiwar gashin. Ƙwaya ake sha, mako shida zuwa takwas, a kuma daina haɗa reza da matsefi da sauran yara. Ka gaya wa abokan naka, kai kuma ka koma ka ci jarrabawarka.

Baba, jaririna watansa biyu. Kwana tara ke nan yana tari, in ya fara ba ya tsayawa har fuskarsa ta canja, wani lokaci ya yi amai. Surukata ta ce tarin shiƙa ne, a nemo nonon jaka a ba shi, ta ce ko Turawa suna yi. Wata uwa daga wani ƙauye kusa da Gumel.

'Yata, na sa jikana ya kira ki ranar da saƙon ya shigo, amma zan maimaita a nan saboda masu irin halinki. Jariri ɗan wata biyu mai tarin da ke canja masa launin fuska ba ya kwana a gida. A goya shi a tafi asibiti yau, ba gobe ba. Tarin shiƙa babba kan wahala ya tashi, amma jaririn da bai kai wata shida ba numfashinsa na iya ɗaukewa a tsakiyar tarin. Akwai maganin kashe ƙwayar cutar da ake bayarwa, shi da mutanen gidan, kuma ana iya riƙe shi a sa masa ido. Kada a ba shi nonon kowace dabba, kada a ba shi zuma, ba a ba yaro zuma sai ya cika shekara. Nononki kaɗai, kaɗan-kaɗan, a kai a kai.

Ki gaishe mani da Inna, ki ce mata ba ta yi ƙarya ba, a Ailan ma an ba da nonon jaka. An yi abin da ya fi haka. Ana zura yaro ta ƙarƙashin cikin jaki a ɗauko shi ta kan gadon baya, sau uku. Ana zuba madara a gaban wata dabba mai kama da tunku da suke kiwo don farautar zomo, in ta sha ta rage sai a ba yaron ragowar. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne na mai farin doki: uba zai fita bakin hanya ya tsaya, in ya ga mutum a kan farin doki ya tare shi ya ce me ke maganin tarin nan, duk abin da mahayin ya faɗa, ko ruwa ne ko burodi, shi za a ba yaron. Ki duba irin ƙurewar da za ta sa magidanci ya tsaya a titi yana jiran bakin baƙo.

Tun ina sabon ma'aikaci wani tsohon malamin asibiti da na yi aiki a ƙarƙashinsa ya ce mani, in ka ga cuta da magani ashirin, to babu ɗaya mai ci. Abin da ya karya lagon tarin shiƙa a Ailan allurar rigakafi ce, jakunan suka huta. Irinta ce ake yi kyauta a asibitin sha-ka-tafi na garinku, wadda ta haɗa cuta biyar, a mako 6 da mako 10 da mako 14. In ya warware, ki tafi da katinsa a duba abin da ya rage masa.

Malam, na karanta a WhatsApp cewa masana sun gano ƙasar wani kabari a Ailan tana kashe cututtukan da suka gagari asibiti. In haka ne, me ya sa kuke raina maganin gargajiya? Wani malamin firamare daga Birnin Kudu.

Malam, wa ya gaya maka na raina? Ni ɗan maƙeri ne, da tuwon maƙera aka biya mani kuɗin littafi. Da tsohuwar zuma ake magani, na yarda. Sai dai a ɗanɗana a tabbatar zumar ce.

Labarin da ka karanta yana da tushe. Wurin sunansa Boho, a yankin Fermanagh, a Arewacin Ailan da ke ƙarƙashin Birtaniya. Wani limamin coci, James McGirr, ya rasu a 1815, kuma mutanen wurin sun riƙe cewa ya ce ƙasar da za ta rufe shi za ta warkar da abin da yake warkarwa yana raye. Sai ake ɗibar 'yar kaɗan a ƙulle a ƙyalle, a kai gida don ciwon haƙori ko maƙogwaro, bayan 'yan kwanaki a mayar da ita inda aka ɗebo. A 2018 masu bincike na Jami'ar Swansea suka ba da rahoton cewa sun samu wani sabon nau'in ƙwayar halitta, daga dangin da ake kira Streptomyces, a ƙasar yankin. A faranti cikin ɗakin gwaji ta hana huɗu daga cikin manyan ƙwayoyin cuta shida masu bijire wa magani yaɗuwa. Abin bai ba ma'aikatan lafiya mamaki sosai ba, don daga wannan dangin, daga ƙasa, aka samo streptomycin a 1943, maganin farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka. Na yi wa mutane allurarsa da hannuna har na gaji.

To amma faranti daban, jikin mutum daban. Kuma ƙasar da ke ɗauke da mai amfani ita ke ɗauke da ƙwayar ciwon nan mai sarƙe haƙora da sandarar da jiki. Na ga jarirai da aka shafa wa ƙasa ko toka ko kashin shanu a cibiya, ba na son in sake gani. Kada wani ya karanta saƙon WhatsApp ya je ya cusa ƙasa a gyambo.

Akwai wasu nasu da suka ci jarrabawa. Wani gansakuka da ke tsirowa a fadamunsu, in ya bushe yana shan ruwa wajen ninki ashirin na nauyinsa, yana kuma da tsamin da ƙwayoyin cuta ba sa so. Tsofaffi na ɗaure rauni da shi, kuma a yaƙin duniya na farko, 1914 zuwa 1918, da auduga ta yi ƙaranci, mata suka riƙa tsinto shi ana tarawa a Dablin ana ɗinka shi a matsayin bandeji ana aika wa asibitocin soja. Akwai wata ciyawar teku da suke dafawa da madara ko ruwa don tari da mura, mai yauƙi kamar karkashi, tana sanyaya maƙogwaro. Akwai kuma waɗanda ba su ci ba, kamar toshe yanka da saƙar gizo-gizo, wanda mu ma muna yi, ƙura da datti kawai ake tura wa rauni. Af, abu ɗaya da na nema na rasa a littattafan yaran shi ne maganin sarar maciji, ashe tsibirin babu maciji sam. Mutumin da bai san kububuwa ba ya rage wa kansa aiki.

Bari in ba ka na gidanmu. A Ailan ruwan da maƙeri ke tsoma jan ƙarfe a ciki magani ne, ana wanke tusar jaki da shi. Da na karanta sai na ajiye wayar na yi shiru, don mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da kwatarniyar ruwa a gefen zuga-zugi. In aka rugo da yaron da kunu ya zubo wa ko ya taka garwashi, ba ya tambayar komai. Zai kama hannun ko ƙafar ya nutsa a ruwan, ya riƙe, yana motsa baki yana tofi. Tofin nan dogo ne, ba ya ƙarewa da wuri, yaro na ihu uwa na salati shi ko gezau. Sai na je makarantar koyon aikin lafiya a Kano aka koya mana cewa taimakon farko ga ƙuna shi ne ruwa mai sanyi, wajen minti ashirin. Na dawo hutu na ce masa, Baba, ashe ruwan ne ke aikin. Ya dube ni ya ce, to kai ɗan boko, in ban yi tofin ba wace uwa ce za ta bari in riƙe mata ɗa a ruwa tsawon haka? Da tuni ta fizge shi ta shafa masa manja. Har yau ban samu amsar da zan ba shi ba. Abin da kawai zan gyara masa shi ne ruwan ya zama mai tsabta, mai gudana in da hali, kuma in ƙunar ta fi tafin hannun yaron, ko ta taɓa fuska, gaɓa ko al'aura, daga ruwan sai asibiti. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da baƙin mai.

Assalamu alaikum. Duk wannan camfi ne na waɗanda ba Musulmi ba, wani ma shirka ne ƙarara. Meye amfanin cika mana mujalla da shi? Wani almajirin ilimi daga Gwarzo.

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara sani. Hukunci naku ne, ni ban yi karatun da zan ba da fatawa ba, kuma ban ce kowa ya aikata ko ɗaya ba. Gaskiya ne da yawa a ciki sun cakuɗe da addininsu. Suna da rijiyoyi da maɓuɓɓugai wajen 3,000 da suke ɗauka masu tsarki, wata ta ido wata ta ciwon baya, mutum ya wanke wurin ciwon ya ɗaura tsumma a reshen bishiyar da ke gefe, wai tsumman na ruɓewa cutar na tafiya. Daren jajiberin 1 ga Fabrairu suna shanya ƙyalle a waje da sunan wata waliyyiyarsu, Brigid, su ajiye shi shekara guda don ciwon kai da maƙogwaro. Su ma limamansu sun sha yin faɗa da wasu masu maganin. Wata mata a yankin Clare, Biddy Early, da ta rasu a 1874, ta yi suna da ganyaye da wata shuɗiyar kwalba da ake cewa tana duba a ciki, kuma malaman coci sun yi ta hana mutane zuwa wurinta.

Amfanin da na gani shi ne mutum ya fi ganin tabon da ke fuskar wani. Ka ji wannan. A watan Maris na 1895, a yankin Tipperary, wata matar aure mai suna Bridget Cleary, 'yar shekara 26, mai ɗinki da sayar da ƙwai, ta kwanta da zazzaɓi da ciwon ƙirji. Likita ya zo ya duba ta ya ba da magani. Mijinta, Michael, ya sa wa ransa cewa aljanu sun ɗauke matarsa ta gaskiya sun ajiye masa wata a madadinta. Aka karɓo haɗin ganye wurin wani mai magani, dangi suka danne ta aka ɗura mata, ana tambayarta ta faɗi ko ita wace ce. Daga ƙarshe ya watsa mata kananzir ta ƙone ta mutu, a ɗakinta, 'yan uwanta na tsaye. Kotu ta yanke masa shekara 20. Da na karanta, fuskar wata yarinya ce ta faɗo mani, wadda aka kawo mana a amalanke shekaru da yawa da suka wuce, mai ciki, tana jijjiga. An kwana biyu ana yi mata turare da duka wai iska ce, alhali jininta ne ya hau. Ba ta kai la'asar ba. Babu wanda ya kai kowa kotu.

Sannan akwai littattafan yaran nan. Su sun rubuta nasu, mai kyau da marar kyau, shi ya sa yau mai bincike zai iya zama ya tsince. Mahaifina ya san ganyaye fiye da goma na ƙuna da miki, ni na riƙe uku: sabara, bagaruwa da lalle, su ma ban san awonsu ba. Ina ganin kaina ɗan boko, ban tambaya ba sai da ƙasa ta rufe masa ido. Malamin firamaren Birnin Kudu da ya rubuto a sama, kana da 'yan aji shida, littafi mai shafi arba'in bai fi ƙarfin aljihu ba. A rubuta sunan ganyen, wurin da yake tsirowa, yadda ake haɗawa, wa ya faɗa, har da waɗanda aka sha aka mutu.

Ni dai na sayi nawa ranar kasuwa, na je gidan tsohuwar ungozomar unguwarmu, wadda ta yanke wa rabin garin nan cibiya. Na yi sallama, na zauna a tabarma, na buɗe littafi na cire murfin biro. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, kai ba kai ne ka hana mata zuwa wurina ba? Na ce ni ne, Iya. Ta ce to sai bayan an cire gyaɗa, kuma in zan dawo in taho da goro fari, ba ja ba.